Mene ne "recast" a cinikin 'yan mutum-mutumin wasan tebur?

Duk wanda ya fara leƙa tallan 'yan mutum-mutumin wasan yaƙi a eBay ko Facebook, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmar "recast". Ma'anarta jabun zubi: a sayi na asali guda ɗaya, a yi masa mazubi, a riƙa zuba kwafinsa ana sayarwa ba da izinin mai shi ba.

Su waɗannan 'yan sojoji ba su kai tsawon yatsa ba, yawancinsu milimita 28 zuwa 32 ne. Ana sayensu gunduwa-gunduwa, mutum ya harhaɗa da gam, ya yi musu fenti, sannan a jera su a tebur a buga wasa da ɗan lido. Babban mai yin su shi ne Games Workshop, kamfanin Ingila mai hedikwata a Nottingham, wanda ya fito da Warhammer 40,000 a 1987. Kayan nasa akwai tsada, musamman na sashen Forge World da ake zubawa da rezin, wani ruwan roba mai daskarewa. To, inda tsada take nan mai jabu yake kafa rumfa.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyum ya riga ya san dabarar. Tsohuwar tukunya suke dannawa cikin yashi ta bar siffarta, sannan a zuba narkakken ƙarfe. Mai recast ma haka yake yi, sai dai da silikon, wata roba mai laushi, maimakon yashi. Kuma kwafi ba ya taɓa kamo uwarsa. Yakan ɗan motse, don haka idan ka jera shi da na asali sai ka ga ya gaza kaɗan. Ƙananan zane, kamar idon soja ko rubutun jikin sulke, sukan dushe. Alamar da ta fi tona asiri ita ce layin zubi. Kowane ɗan mutum-mutumi yana da siririn layi a inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Na jabu sau da yawa layi biyu gare shi, wanda ya gado daga na asali da kuma nasa na kansa. Wani kuma da ka buɗe leda warin sinadari zai buge ka, jikinsa da maiƙo, takobi ya karye da ɗan taɓawa.

Akwai wata alama mai sauƙi: idan kamfani da roba mai tauri (filastik) yake fitar da samfurin, kai kuma aka aiko maka da shi a rezin, magana ta ƙare.

Matsalar ita ce fenti yana rufe kusan duk wannan, hoto kuma ba ya wari. Shi ya sa sabon shiga yake iya faɗawa ta fuska biyu. Ya saya da kuɗin na gaske, ko kuma, wanda a ganina ya fi muni, ya sake sayar wa wani bai sani ba, sunansa ya ɓaci a kasuwar da amana ce jarinta. Wasu 'yan wasan da saninsu suke sayen jabun don araha, wannan tsakaninsu da aljihunsu. Amma saka shi a kasuwa da sunan na asali zamba ce, kuma kamfanin ba ya yarda da shi a gasar da yake shiryawa.

Kafin ka biya, nemi hoton kayan na kusa, da ƙasan ƙafa da bayansa, a ajiye takarda a gefe mai ɗauke da sunan mai sayarwa da kwanan wata da rubutun hannu. Tambaye shi kai tsaye inda ya samo su, ka adana amsar. Idan ta PayPal za ka biya, zaɓi hanyar sayen kaya, wadda ke ba ka damar kai ƙorafi. Hanyar aika wa 'yan'uwa da abokai ba ta da wannan kariya, kuma ita ce wadda mai jabu zai ce maka "ai ta fi sauƙi, babu caji".