Gina randa a kan faifan juyi: tambayoyin masu koyo

A Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kusa da Injamena, babban birnin Chadi, da hannu mata ke gina randa tun kaka da kakanni. Amma wanda ya koyi aiki da faifan juyi, wato faifan da ke juyawa ana gina tukunya a kansa, da zarar ya iya kofi da kwano sai ido ya koma kan randa. Ga abin da masu koyo suka fi tambaya.

Me ya sa kofi ke yi min kyau, babbar tukunya kuwa sai ta zube?

Gudu ne da ruwa. In tukunya ta yi faɗi, juyin yana fizgar bakinta waje, don haka tana girma kana rage gudu. Ruwa kuma yumɓu shan sa yake yi, ya saki jiki, gindi ya kasa ɗaukar sama. Jiƙa hannu kaɗan, wanda ya taru a ciki ka tsane shi da soso.

Yumɓu kilo nawa zan fara da shi?

Ɗaya. Sai 2, sai 4. Kada ka ƙara sai ka iya tsayar da curin a tsakiyar faifai ba ya rawa. Ba ƙarfin damtse ba ne: kafa gwiwar hannu a cinya, nauyin jikinka ya tura.

To, randa a ja ɗaya ake yin ta?

Ina! Nan ne masu koyo ke wahalar da kansu. Gina gindi, ka danne ƙasansa sosai don kada ya tsage, sannan ka tashi ka bar shi ya sha iska har ya yi tauri kamar fata, amma da sauran damshi. Sai ka murza yumɓu kamar igiya mai kauri, ka karce bakin, ka shafa masa kunun yumɓu, ka liƙa, ka juya a hankali kana ja sama. Ka sake jira. Dabarar iyayenmu mata ce dai, faifai ya hutar da kai zagaya tukunya kawai. Ni a ganina wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar magina ya fi saurin ganewa.

Da hunturu fa?

Baki zai bushe kafin ka waiwaya, sabon yumɓu ya ƙi kamawa. Naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ka rufa leda.

Wane yumɓu ya dace?

Mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, wanda aka cuɗa da dakakken tsingaro. Yana cin tafin hannu, amma shi ke tsayawa, shi ke jure wuta. Ka kuma tuna tukunya tana raguwa kusan kashi 1 cikin 10 tsakanin bushewa da gashi, sai ka gina ta fi yadda kake so girma.

Za ta sanyaya ruwa kamar ta Gawi?

In ba ka shafe ta da abin ƙyalli ba. Tsattsafowar da ruwa ke yi ta jikinta, iska na busarwa, ita ke kawo sanyin.