Salman Rayis, kwamandan jiragen ruwan da ya kare Jidda a 1517

Salman Rayis babban hafsan sojan ruwa ne na Daular Usmaniyya, ɗan tsibirin Lesbos da yanzu yake ƙasar Girka, ya rasu a 1528. An fi saninsa da korar Turawan Fotugal daga gaɓar Jidda, garin nan da mu Takaru muke zaune, kuma duk da haka kaɗan ne cikinmu suka taɓa jin sunansa.

Tun da Vasco da Gama ya zagaye Afirka ya isa Indiya a 1498 'yan Fotugal suka sa wa cinikin kayan yaji ido, wanda a da ta Bahar Maliya yake bi zuwa Masar. A 1509 suka ragargaza jiragen Mamalik, masu mulkin Masar a lokacin, a tashar Diyu ta Indiya, a 1513 gwamnansu na Indiya Albukerk ya kai wa birnin Adan na Yaman hari bai ci nasara ba amma ya shigo Maliya, har ana cewa burinsa ya kai ga Makka da Madina. Hankalin Sarkin Masar Ƙansuh Al-Guri ya tashi, shi kuma ba shi da katako ba shi da ƙwararrun matuƙa, dole ya nemi taimakon Turkawan Daular Usmaniyya. Ta nan Salman ya shigo.

A 1515 ya taso daga Suwes da jirage 19 tare da Amir Husaini Al-Kurdi, wanda shi ne ya gina ganuwar Jidda. Suka kafa sansani a tsibirin Kamaran da ke gaɓar Yaman, a 1516 suka gwada kama Adan abin ya gagara, suka dawo, su biyun ma ba wani shiri suke ba. Suna cikin haka a farkon 1517 Sarkin Daular Usmaniyya Salim na ɗaya ya ci Alƙahira, wato gwamnatin da ke biyansu albashi ta faɗi kenan.

A wannan hali ne cikin Afrilun 1517 gwamnan Fotugal na Indiya Lopo Soares de Albergaria ya iso Jidda da rundunarsa. To duk wanda ya san tashar Jidda ya san duwatsun murjani sun tare gabanta, jirgi ba ya shigowa kai tsaye sai ya bi wata siririyar hanya yana lanƙwasa, Salman kuwa ya jera igwa daidai inda dole jirgi ya bi, ya ja nasa jiragen ciki inda manyan na Fotugal ba za su iya biyo su ba. Suka yi 'yan kwanaki suna shawagi ba su iya sauka ba, suka juya Kamaran inda ƙishirwa da cuta suka ci da yawa cikinsu, a hanyar fita suka huce haushi kan tashar Zaila ta gaɓar Somaliya suka ƙone ta. Ni a ganina ƙin fita ya yi gaba da gaba da su a tsakiyar teku ita ce gwanintar, da ya biye wa zafin kai da ya sha irin kashin Diyu. Ganuwar Jidda dai an rushe ta a 1947, in ka je Balad, tsohon cikin gari, ta wajen ƙofar Bab Makka kana tsaye kan layinta ne.

Maganar ko an karrama Salman bisa wannan nasara fa, a nan labarin ya yi tsami. Maimakon tukwici sai aka kira shi aka tsare, don ana masa kallon yaron Mamalik, bai samu kansa ba sai bayan rasuwar Salim a 1520. Wazirin Daular Usmaniyya Ibrahim Fasha ne ya dawo masa da martaba lokacin da ya zo gyara mulkin Masar a 1525, ya damƙa masa jiragen Suwes. A shekarar aka rubuta rahoton nan da masu tarihi suke danganta masa, mai bayanin ƙarfin Fotugal a Indiya da shawarar a kama Yaman da Sawakin, waccan tashar ta Sudan da kakanninmu alhazan ƙafa suka sha tsallakowa daga cikinta, da kuma Habasha. Ya tafi Yaman da runduna ya kama wurare, sai rikici ya ɓarke tsakaninsa da abokin aikinsa Hairuddin Ar-Rumi, a 1528 aka kashe Salman. Ɗan 'yar uwarsa Mustafa Bairam ya kwashe sauran mutanen ya wuce Gujarat ta Indiya, inda ya taimaka aka kare Diyu daga harin Fotugal a 1531.

Girmamawar da bai samu da rai ba ta zo bayan kusan shekara 500, sojan ruwan Turkiyya sun sa sunansa a jerin sabbin jiragensu shida masu nutso ƙarƙashin ruwa, shi ne na shida, na farkon kuma sunan Piri Rayis mai taswira yake ɗauke da shi.