Waiwaye: Yadda shanyar shinkafa ta zama ciwon kai a Kebbi

A da, manomin Kebbi bai cika damuwa da busar da hatsi ba, domin lokaci ne ke yi masa aikin. Dawa da shinkafar fadama sai kaka ake girbe su, kafin a ankara hunturu ya shigo da busasshiyar iskarsa. A bar dami ya sha iska a gona, sannan a kai rumbu. Dattijo ya ɗauki ƙwaya ya ciza, in ta ce ƙaras, ta isa ajiya.

Noman rani ne ya sauya lissafin. Tun shekarun 1990 shirin Fadama ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa, sannan a Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Fadamun Argungu da Suru da Jega suka cika da shinkafa. Sai dai wanda ya yi jinkirin dashe, girbinsa kan faɗa bakin damina, lokacin da iska ta fara ɗaukar laima kuma hadari na iya haɗuwa da la'asar.

Shanshera sabuwar yanka tana ɗauke da ruwa kashi 20 zuwa 25 cikin 100, alhali ba ta ajiyuwa sai ya sauka zuwa kashi 14. Buhu mai kilo 100 da ke da ruwa kashi 24 sai ya zubar da kusan kilo 12 kafin ya kai nan. Shi ya sa mai saye ke karya farashin ɗanyar shinkafa, manomi kuma ya ga kamar an cuce shi. In kuwa aka ɗinke ta a buhu da danshinta, cikin kwana ɗaya ko biyu ta ɗauki zafi, ta soma rawaya, fumfuna ta biyo baya.

Abin da aka fi yin kuskure a kai shi ne gaggawa. Ruwan da ke bayan ƙwaya nan da nan yake tashi, amma na cikinta a hankali yake fitowa. Idan aka baza shinkafa siriri a kan kwalta da tsakar rana, baya ya bushe ya tsuke, ciki na nan da laima, sai ƙwayar ta tsage. Ido ba ya ganin tsagar, sai an kai inji ta fito gutsi-gutsi. Haka ma busasshiya in raɓa ko yayyafi ya sake taɓa ta. Saboda haka injinan busarwa ke hura iska mai ɗumi, su dakata ƙwaya ta huta ruwan ciki ya daidaita, sannan su ci gaba. In iri ne ma, ba a son zafin ya wuce digiri 43. Matan da ke gumi sun daɗe da sanin wannan dabara ta barin ƙwaya ta huta, suna shanya, su tara su rufe, su sake bazawa.

Manyan masana'antun sarrafa shinkafa irin na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 suna da injinansu da ma'aunin danshi. Ƙaramin manomi kuwa har yanzu tamfol ne da gefen titi, ga tsakuwa, ga awaki, ga ƙurar mota. An ba shi iri da taki da injin ban ruwa, amma ba a gina masa dandamalin shanya ba, kuma a ganina nan ne wahalarsa ta wata huɗu ke zubewa.