Mece ce "loj"? Ƙungiyar da ta gina gari da kuɗin mambobinta

Mai bibiyar labaran ƙananan garuruwan Amurka yakan ci karo da kalmar "loj", musamman idan ana maganar tara kuɗi don taimakon marasa ƙarfi. A wajenmu an fi jin kalmar da ma'anar masauki, kamar masaukin gwamna ko gidan hayar ɗalibai, amma a can tana nufin reshen wata ƙungiyar 'yan'uwantaka da ke cikin gari, haɗe da ginin da 'yan reshen suke taruwa a ciki. Asalin wannan ma'anar daga maginan dutse na Turai ne, waɗanda sukan kafa rumfa kusa da majami'ar da suke ginawa don hutawa da ajiye kayan aiki. Sannu a hankali sunan rumfar ya koma kan taron mutanen, har aka kafa babbar loj ta Freemason, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka, a Landan a 1717.

Da zarar wasu sun ji ana rantsuwar shiga da gaisuwar da ba a nuna wa bare, sai su yanke cewa ƙungiyar asiri ce kawai. Rantsuwar tana nan, amma abin da ya cika waɗannan ɗakuna da leburori a ƙarni na 19 shi ne fargabar ciwo da mutuwa. Kafin gwamnatin tarayya ta kafa dokar fansho ta 1935, ma'aikacin da ya kwanta jinya sau da yawa ba shi da madogara sai 'yan'uwansa na loj, waɗanda yake zuba ɗan kuɗi tare da su, su kuma su ba shi na cefane, idan ya rasu su ɗauki nauyin jana'izarsa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Loyal Order of Moose, wadda aka kafa a birnin Louisville na jihar Kentucky a 1888. Ta kusa mutuwa kafin James J. Davis, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe haifaffen Wales, ya shige ta a 1906. Shi ne ya jawo dubban ma'aikata da alkawarin cewa idan mutum ya mutu, 'ya'yansa ba za su tagayyara ba. Da kuɗin mambobi aka sayi gona a bakin kogin Fox, kimanin kilomita 60 yamma da Chicago, aka buɗe garin Mooseheart a watan Yulin 1913, a gaban mataimakin shugaban ƙasa Thomas Marshall. Gari ne na yara, mai faɗin eka kusan 1,000, da makarantarsa da gidajen kwana da gidan waya, kuma yau ana karɓar yaran da ke cikin buƙata ko da iyayensu ba mambobi ba ne. A 1922 ƙungiyar ta ƙara buɗe Moosehaven a Florida don tsofaffinta.

Hanyoyin tara kuɗin ba su da wani ƙawa: a soya kifi ranar Juma'a a sayar, a yi karin kumallo na kuɗi, a buga wasan bingo, wanda nau'in caca ne. Wani kaso yana tafiya Mooseheart, saura kuma a kashe shi a cikin garin da reshen yake.

Sai dai 'yan'uwantakar ta daɗe tana da katanga, kuma wannan tabo ne da bai kamata a ɓoye ba. Wani reshe a Harrisburg ya ƙi sayar da abinci ga K. Leroy Irvis, baƙar fata ɗan majalisar jihar Pennsylvania, saboda launin fatarsa, kuma a 1972 Kotun Ƙoli ta ce kundin tsarin mulki bai hana ƙungiya mai zaman kanta yin haka ba. Daga baya an cire sharaɗin launin fata daga dokokin ƙungiyar, amma ya zo daidai lokacin da matasa suka fara juya wa loj baya, har rassa da dama a ƙananan garuruwa suka rufe, aka sayar da gine-ginensu.