Wai abincin wace ƙasa ne ya fi na kowa?

Ana yawan turo mana wani jeri a WhatsApp, yau a ce abincin Italiya ne na ɗaya a duniya, gobe a ce na Japan. A nan gida ma musun jalof tsakanin Najeriya da Ghana ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, alhali dafa-dukar Senegal ce hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta saka cikin jerin al'adun duniya a 2021. Daɗi dai kowa da abin da harshensa ya saba da shi, babu alƙalin da zai raba wannan gardama.

Mu ma'aikatan lafiya abin da ke cikin kwano muke dubawa. Likitoci suna yabon cimar mutanen kudancin Italiya da Girka saboda ganye, wake, hatsin da ba a cire masa dusa ba, kifi, da nama kaɗan. To ku duba kasuwar Kawo ko ta Bacci a nan Kaduna: dawa, gero, acca daga kudancin jiharmu, zogale, rama, kuka. Faten acca da ganye, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ba su da abin kunya gaban kowane faranti. Na Japan ɗin ma da ake zuzutawa yana da nasa aibin, gishiri ya yi masa yawa.

Namu aibin ke nan mu ma. Hajiya, ki tuna tukunyar jiya: dunƙulen magi huɗu ko biyar, ga gishiri a tafin hannu, ga mai yana iyo a saman miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen nan yawancinsa gishiri ne. Hawan jini kuwa ba ya sallama, wani sai ɓarin jiki ya shanye ake gane yana da shi.

A rage dunƙule ɗaya a wannan makon, wani ɗaya bayan sati biyu. Maigida zai yi ƙorafi da farko, daga baya bakinsa ya saba. A cike gurbin da daddawa, tafarnuwa da cittar Kachia. Duk wanda ya haura shekara arba'in kuma ya leƙa asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu a auna masa jini, ko da lafiyarsa ƙalau yake ji.