Sharhin anime

Sharhin anime rubutu ne ko bayani da ake yi don auna wani fim ko shiri mai dogon zango na zane mai motsi irin na Japan, a fayyace abin da ya yi kyau a cikinsa, da abin da ya gaza, da dalilin hakan. A Japan kalmar anime tana nufin kowane irin zane mai motsi, ko daga ina ya fito. A wajen ƙasar ne aka taƙaita ta ga wanda Japanawa suka yi. Abin da ya raba wannan sharhi da na fim ɗin da aka ɗauka da kyamara shi ne, a anime ba a tarar da komai a ƙasa. Gajimare, ƙiftawar ido, inuwar bishiya, kowanne sai da wani ya zauna ya zana shi cikin lokacin da aka yanka masa. Saboda haka ingancin sharhi ya dogara ga sanin hannun da kowane aiki ya fito, domin yabo ko suka su sauka a kan mai su.

Asali

Anime na talabijin mai fitowa kowane mako, rabin awa, ya fara ne da Tetsuwan Atom na Osamu Tezuka, wanda tashar Fuji ta soma nunawa ranar 1 ga Janairu, 1963. Kamfanin Tezuka, Mushi Production, ba shi da kuɗi ko ma'aikatan da za su zana kowane motsi cikakke a mako guda, sai ya rage yawan zane, yana motsa baki kaɗai fuska na tsaye, yana kuma adana wasu fitowa don a sake amfani da su. Wannan tsimin shi ne tushen salon anime na talabijin, kuma masu sharhi suna jayayya a kansa har yau.

Sharhi a matsayin fage mai zaman kansa ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da matasa da manya suka rungumi shirin Uchu Senkan Yamato na 1974. Mujallar Animage ta kamfanin Tokuma Shoten ta fito a 1978, Animedia a 1981, Newtype ta kamfanin Kadokawa a 1985. Waɗannan mujallu sun koya wa masu kallo karanta sunayen ma'aikata da ke wucewa a ƙarshen shiri, har mai zane irin Yoshinori Kanada ya samu masoya da ke gane aikinsa daga yanayin motsi da tartsatsin wuta kawai. Toshio Suzuki, wanda daga baya ya zama furodusan kamfanin fina-finan anime na Studio Ghibli, edita ne a Animage. Daga baya jami'o'i sun shigo fagen: Susan Napier ta fitar da littafinta kan anime a 2001, Thomas Lamarre kuma ya fitar da nasa a 2009, inda ya karkata ga yadda ake jera zane hawa-hawa don samar da motsi.

Hannayen da shiri ke bi

Kashi ɗaya na talabijin yana ɗaukar kimanin minti 24. Idan aka cire waƙar buɗewa da ta rufewa, kowace daƙiƙa 90, da tallar kashi na gaba, labarin kansa bai cika wuce minti 20 ko 21 ba. A cikinsa akan samu yanki wajen 300, wato duk inda hoto ya sauya daga wannan kusurwa zuwa waccan, da zane dubu uku zuwa dubu biyar a shiri na yau da kullum.

Aikin yana farawa daga mai tsara zangon gaba ɗaya, wanda ke yanke abin da zai faru a kowane kashi. Marubuci ya rubuta labarin, sannan a zana ekonte, wato taswirar kashin yanki bayan yanki, da kusurwa da tsawon daƙiƙu da maganar da za a yi. Daga nan masu genga su zana muhimman matsayai na motsi, kamar farkon naushi da tsakiyarsa da ƙarshensa. Mai kula da zane, sakuga kantoku, shi ke bin takardun yana gyara fuska da jiki don jarumi ya kasance kamanninsa ɗaya a hannun mutum goma sha biyar. Masu doga su tsabtace layi su cike zanen da ke tsakani. Sai masu launi, da masu zanen bango, da masu haɗa hawa-hawan su sa haske da hazo. Murya galibi daga baya ake ɗaukarta, wani lokaci 'yan wasan muryar na kallon zanen fensir da ba a gama ba.

Amfanin sanin wannan jeri ga mai sharhi a fili yake. Idan labari ya yi gudu har mai kallo ya kasa sanin dalilin da ya sa aboki ya koma maƙiyi, matsalar tana wajen tsara zango, inda wataƙila aka cusa littafi biyar na labarin da aka ɗauko shirin daga ciki a kashi goma sha biyu. Idan faɗa ya rikice ba a san wa ke dama wa ke hagu ba, laifin ekonte ne. Idan fuska ta karkace a hoton nesa, alama ce takardun ba su samu gyaran mai kula da zane ba, galibi don lokaci ya ƙure. Sharhin da ya tattara duk wannan ya ce "kamfanin ya yi kasala" bai gaya wa mai karatu komai ba. Ya kuma zalunci masu doga, waɗanda da yawansu kuɗin takarda-takarda ake biyansu, wasu ma a ƙasashen da ake tura aikin, irin su Koriya ta Kudu, Sin da Filifin.

Haka nan kamfanin zane ba kasafai yake da ikon ƙarshe ba. Yawancin shirye-shiryen zamani kwamitin masu zuba jari ne ke ɗaukar nauyinsu: kamfanin da ya buga littafin, tashar talabijin, kamfanin waƙa, mai sayar da kayan wasa. Su ke yanke yawan kashi da ranar fitowa.

Motsi

Nan ne sababbin masu sharhi suka fi tuntuɓe. Fim yana gudu da hoto 24 a daƙiƙa. Idan aka yi sabon zane ga kowane hoto, zane 24 ke nan a daƙiƙa. Idan zane ɗaya ya tsaya hoto biyu, 12 ke nan, idan ya tsaya uku, 8. Anime na talabijin ya fi zama a kan 8 da 12, yana haurawa a wuraren da ake son gigita mai kallo. Mutum zai ɗauka cewa mafi yawan zane shi ne mafi kyau, amma ba haka abin yake ba. Gwanin mai genga yakan riƙe zane ɗaya na ɗan lokaci kafin sara, sannan ya tsallake tsakiyar motsin gaba ɗaya, takobi ya bayyana ya riga ya sauka. Ido na jin nauyin saran daga wannan tazara. Da an cike ta da zane daidai wa daida, da motsin ya yi santsi ya rasa ƙarfi. Shi ya sa manhajojin da ke ƙara hotuna don shiri ya koma 60 a daƙiƙa suke lalata aikin: suna goge lissafin lokaci da mai zane ya yi da gangan.

Kuskure na biyu shi ne tsayar da bidiyo a tsakiyar gudu a ɗauki hoton da hannu ya miƙe kamar roba ko fuska ta baje, a kafa hujja da shi cewa zanen ya lalace. Irin wannan zane an yi shi ne don ya wuce cikin kashi ɗaya bisa 24 na daƙiƙa ya ba da jin sauri. Ana auna shi yana tafiya. Lalacewar gaske takan bayyana a wurin da babu motsi: mutane biyu na hira, idon ɗaya ya fi ɗaya girma, ko tsayin jarumi ya sauya tsakanin yanki da yanki.

Masu sha'awar wannan fanni suna kiran fitattun wuraren motsi sakuga, kalmar da a Japananci ke nufin aikin zane baki ɗaya. Bai kamata a taƙaita ta ga faɗa ba. Zana mutum yana ɗaura takalmi, ko yana zuba shayi hankalinsa na wani wuri, ya fi fashewar bam wuya, domin kowa ya san yadda ake yin waɗannan kuma ido zai kama ƙarya nan take. Rashin motsi ma makami ne. Darakta Osamu Dezaki ya shahara da tsayar da fitowa a ƙololuwarta ta koma zanen fenti mai kauri kamar katin gaisuwa, dabarar da ta rage aiki kuma ta zama sa hannunsa.

Alamun aiki ya cije

Shekarar talabijin a Japan ta rabu zango huɗu, masu farawa a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kowanne kashi 12 ko 13. Sau da yawa ana fara nuna shiri ba a gama zana ƙarshensa ba, don haka matsala kan fito daga tsakiyar zango. Mai sharhi zai iya gane ta daga jerin sunaye: kashin da aka rubuta masu kula da zane takwas ko goma, maimakon ɗaya ko biyu, kashi ne da aka yi wa taron dangi don a cim ma ranar fitowa. Wata alamar ita ce kashin maimaici da ba a shirya shi ba. Girls und Panzer na 2012 ya saka irin wannan har sau biyu, kashinsa biyu na ƙarshe kuma ba su fito ba sai Maris 2013. Kashi biyu na ƙarshen Evangelion, a Maris 1996, da suka dogara ga zane tsayayye da maganar zuci, sun jawo muhawarar da ta kai ga sake ba da ƙarshen a fim a 1997.

Wajibi ne kuma sharhi ya faɗi nau'in da aka kalla. Ana yawan gyara zane kafin a fitar da faifan Blu-ray. Sannan tun bayan ranar 16 ga Disamba, 1997, da walƙiyar ja da shuɗi a wani kashi na Pokémon ta kai yara sama da 600 asibiti, tashoshin Japan suna da ƙa'ida kan walƙiya. Shi ya sa wasu fitowar faɗa ke dusashewa a talabijin. Wanda bai san wannan ba sai ya zargi masu haɗa haske da aikin da ba nasu ba.

Littafi da shiri

Yawancin anime daga manga, wato littattafan labarin zane na Japan, ko ƙananan littattafan labari ake ɗauko su. Shonen, shojo, seinen da josei ba nau'in labari ba ne, rukunin masu karatun da mujallar ta nufa ne: samari, 'yan mata, manyan maza, manyan mata. Idan shiri ya kusa cim ma littafin da ake kan rubutawa, akan ƙirƙiri labarin cike gurbi, kamar yadda aka yi da yawa a Naruto da Bleach, ko a ƙirƙiri wani ƙarshe daban, kamar Fullmetal Alchemist na 2003, wanda aka sake yi a 2009 bisa littafin. Sauya labari ba laifi ba ne a karan kansa. Abin tambaya shi ne ko sauyin ya tsaya da ƙafarsa.

Maki da tona labari

Wata al'ada tsakanin masu kallo ita ce a ba shiri kashi uku kafin a yanke masa hukunci. Tana da amfani ga mai ƙarancin lokaci, amma sharhin kashi uku sharhin kashi uku ne, kuma ya kamata a rubuta hakan a samansa. Gundam na 1979 an datse shi a kashi 43 saboda ƙarancin masu kallo, sai maimaici da fina-finai da kayan wasa suka ɗaga shi. Makin da jama'a ke bayarwa a intanet ma yana da karkata sananniya: zango na biyu da na uku kan fi na farko maki, domin waɗanda ba su ji daɗin farkon ba sun riga sun tafi. Game da tona labari, ƙa'idar da aka saba ita ce a ba da mafari da yanayin shirin a sarari, a yi gargaɗi kafin a taɓa mutuwa ko sirrin ƙarshe. Yana da kyau kuma a bayyana yawan jini ko tsiraici, domin iyaye da yawa na ɗaukar duk zane mai motsi na yara ne.

Fassara

Mai kallo Bahaushe kusan kullum ta wani harshe yake isa ga anime, ko rubutun Ingilishi ko Faransanci a ƙasan allo, ko muryar Larabci. Waɗanda suka taso da tashoshin Larabawa sun san Captain Tsubasa da sunan Captain Majid, kuma irin wannan ɗora murya kan sauya suna, ta yanke fitowa, ta tausasa magana. Don haka kafin a soki tattaunawa a ce ta yi sanyi, sai a tuna cewa aikin mai fassara ake karantawa. Japananci yana nuna matsayi da kalmomi irin su san, kun da senpai, kuma ranar da yarinya ta daina kiran wani da sunan gidansu ta kira shi da sunansa na yanka, an samu babban sauyi a labarin. Ingilishi kan haɗiye wannan. Mai sharhi da Hausa yana da kayan bayyana shi a hannu, tun da mai karatunsa ya san tazarar da ke tsakanin kiran mutum Malam, da kiransa Yaya, da kiran sunansa gatsal.