Waiwaye: Yadda aka tsaga bangon wayar tarho tun 1994

Muhawarar da ake tafkawa a Turai da Amurka, ko a bar wa hukumomi kafar leƙa saƙonnin WhatsApp da Signal, wasu na ganinta kamar jiya ta ɓullo. Ta kwana biyu.

Farkonta sananne ne. A 1928 kotun ƙolin Amurka ta ce yi wa wayar mutum laɓe ba bincike ba ne muddin ba a taka gidansa ba, a 1967 ta warware wannan hukunci, a 2013 kuma Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fasa ƙwai kan yadda gwamnatin ƙasar ke leƙen sadarwar jama'a.

Shekarar da ake yawan tsallakewa ita ce 1994. Kafin lokacin, satar sauraro aiki ce mai wahala: sai ma'aikaci ya hau falwaya ko ya shiga ɗakin na'urori ya maƙala waya a kan layin mutum ɗaya. Wahalar nan ita kanta katanga ce, don da wuya a iya yi wa dubban mutane haka a lokaci guda. Da tarho ya koma aiki da kwamfuta, tsohuwar dabarar ta fara gazawa, sai Amurka ta yi dokar CALEA, wadda ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su gina hanyar sauraro a cikin na'urorinsu tun daga tushe. Har dala miliyan 500 aka amince a kashe don biyan kuɗin gyaran, a 2005 kuma aka faɗaɗa dokar zuwa intanet. An ce sai da izinin alƙali za a saurara, kuma haka ne a takarda. Amma na'ura ba ta karanta takardar alƙali, kuma irin waɗannan na'urori ake sayar wa duniya.

To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu suka bi ta wannan kafa suka yi ta sauraron wayoyi kimanin 100, har da ta firaministan ƙasar. A 2024 aka gano masu kutse sun kai ga na'urorin sauraro na kamfanonin Amurka su kansu. A Disambar shekarar, jami'an Amurka suka shawarci jama'a su koma ga saƙonni masu kulle, waɗanda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karantawa, irin waɗanda yanzu ake gardamar a huda musu kafa.